Ƙofofin da aka manta a buɗe: matan Biktoriya a zamanin zinariya

A ranar 22 ga Janairun 1856, a garin Castlemaine da ke yankin Biktoriya na ƙasar Ostiraliya, wata mata mai sayar da abinci, Fanny Finch, ta shiga wurin zaɓen majalisar gari ta jefa ƙuri'a. An haife ta a Landan a 1815, jinin Afirka ce, a gidan marayu ta tashi, kuma lokacin da ta iso filayen haƙar zinariya ta riga ta rabu da mijinta, tana riƙe da 'ya'ya huɗu ita kaɗai. Hujjarta ita ce dokar majalisun garuruwa ta 1854 ta bai wa duk wanda ke biyan harajin gari ƙuri'a ba tare da ta ambaci namiji ko mace ba, ita kuwa tana biya. Aka karɓi takardarta da ta wata mata guda, sannan a wannan ranar masu kula da zaɓen suka zauna suka soke ƙuri'un biyu, bisa dalilin cewa mata ba su da wannan haƙƙi.

A shekarun baya-bayan nan an farfaɗo da tarihin matan wancan zamani, musamman bayan littafin da masaniyar tarihi Clare Wright ta fitar a 2013 a kan matan Ballarat, kuma aiki ne da ya cancanci yabo, domin an shafe fiye da ƙarni guda ana ba da labarin zinariyar Ostiraliya kamar maza ne kaɗai suka sauka daga jiragen ruwa. Sai dai daga farfaɗowar wasu sun zarce zuwa kirari, suna cewa zamanin zinariya zamanin 'yancin mata ne, lokacin da mace ta yar da takunkumin Ingila ta kama sana'a ta shiga siyasa. Ni ban yarda da wannan kirarin ba. Abin da nake gani shi ne kusan duk ƙofar da ta buɗe wa mata a wancan lokaci mantuwa ce ta bar ta a buɗe, kuma da zarar an farga sai a rufe ta, sannan mata mafi yawa ko kusa da ƙofar ba su samu zuwa ba.

Biktoriya ta zama mallakar Ingila mai gwamnatinta daban a ranar 1 ga Yulin 1851, bayan an ɓalle ta daga New South Wales, kuma cikin watanni kaɗan aka ga zinariya a Clunes, da Ballarat, da Dutsen Alexander, da Bendigo. Mutanen yankin da ba su wuce 77,000 ba a wannan shekara sun kusa 540,000 a 1861. Tun a watan Oktoban 1851 gwamna Charles La Trobe ya rubuta wa Landan cewa gidaje sun zama kango, makarantu sun rufe, wasu unguwannin ko namiji ɗaya bai rage ba, har matan da ba sa ga maciji da juna sun ajiye gabarsu sun taru a gida ɗaya don tsaron kansu. Wato hoton farko da hukuma ta zana na mace a zamanin zinariya hoton wadda aka tafi aka bari ce.

Sarautar Ingila ta ce duk zinariyar da ke cikin ƙasa tata ce, don haka duk namijin da zai sa diga sai ya sayi lasisi, sule 30 a wata tun farko, ko ya samu ko bai samu ba. 'Yan sanda a kan dawakai sukan faɗa wa filayen farautar marasa lasisi, wanda aka kama kuwa akan ɗaure shi da sarƙa a jikin gungume kafin a ci shi tara. Mata ba a neme su da lasisin haƙa ba, kuma wannan ita ce ƙofa ta farko da masu kirarin suke nunawa. Babu tausayi a ciki. Masu rubuta dokar ne ba su kawo a ransu cewa mace za ta iya zama mahaƙiya ba, alhali mata suna bakin rafi suna wankin ƙasa a tasa, suna jijjiga akwatin katakon da ake tace tsakuwa da shi, wanda Turawa suka ba shi sunan gadon jijjiga jariri. A Bendigo ma mata biyu, Margaret Kennedy da Julia Farrell, matan ma'aikatan wata gonar tumaki, su ake dangantawa da ganin zinariyar farko a bakin rafin garin, amma da kwamitin majalisa ya zauna a 1890 don tantance wanda ya fara ganowa, sai ya ce abin ba zai tantantu ba. Rashin shiga lissafi ya sauƙaƙa wa mace haraji, shi ne kuma ya hana a san iyakar abin da hannunta ya tono.

Inda nake ganin ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne yadda gida yake ci a irin wannan wuri. Zuwa 1854 zinariyar saman ƙasa ta ƙare a Ballarat, an koma bin tsoffin magudanan ruwa da ke binne a ƙarƙashi, ramukan suna wuce ƙafa 100 ta cikin laka da ruwa, ana tokare gefensu da katako. Ƙungiyar mahaƙa takan yi wata shida ko fiye tana haƙa ba ta ga ko ƙwayar zinariya ba, kuma ƙarshen ramin yana iya zama arziki, yana iya zama wayam. Wannan caca ce, kuma mai caca sai da mai ciyar da shi. A tsawon waɗannan watanni kuɗin gari da na shayi, har da na lasisin maigidan, a gidaje da dama daga hannun matar yake fitowa: daga wanki da guga, da ɗinki, da gasa burodi, da dafa wa gwauraye abinci, da ɗan kantin da ta raba tanti biyu ta buɗe a gabansa. Martha Clendinning, matar wani likita daga Ailan wanda shi ma ya shiga rami, ta buɗe irin wannan kanti tare da 'yar'uwarta a Ballarat, ta kuma bar rubutun da ke nuna tana alfahari da cinikin da ta yi. Amma ita da kanta ta faɗi dalilin da ya sa ta rufe shi bayan 'yan shekaru: manyan kantuna sun shigo, gari ya fara zama gari, lokacin da mace mai matsayi irin nata za ta tsaya bayan kanta ba a yi da ita ba ya wuce. Da ƙura ta lafa, sai tsohon tsarin ya dawo ya zauna a kujerarsa.

Wadda ba ta da jarin kanti kuwa, sana'ar da ta fi kawo kuɗi ita ce ta fi haɗari. A shekarun farko gwamnati ta haramta sayar da giya a filayen haƙa, mata da yawa suka shiga sayar da ita a ɓoye a bayan tukunyar gahawa, kuma idan aka kama mutum akan ƙone masa tanti da abin da ke ciki, tantin da shi ne ɗakin kwanan yaransa. Ita kanta Fanny Finch an ci ta tara a kan wannan zargi wata guda kafin ta je jefa ƙuri'arta. Ba na yabon sana'ar, amma ina lura da cewa masu shan ba su rasa komai ba.

Akwai kuma abin da zai ba mai karatu Bahaushe mamaki. A dokar Ingila da aka kai Ostiraliya, duk abin da matar aure ta samu da guminta na mijinta ne. Mu da muka tashi muka ga kuɗin ƙosai da na ƙuli-ƙulin uwa nata ne, ita ke juya su, ita ke tara wa 'yarta kayan ɗaki da su, kuma shari'a ta hana miji ya taɓa su sai da yardarta, zai yi mana wuya mu gane yadda mace za ta yi wata shida tana durƙushe a kan bahon wanki sannan doka ta ce mijin da ya dawo daga rami, ko daga mashaya, yana iya kwashe abin da ta tara har ƙarfanfana. Sai a 1870 Biktoriya ta fara gyara wannan, lokacin da guguwar zinariya ta riga ta wuce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda zai kira shekarun 1850 zamanin cin gashin kan mata, sai ya fara bayyana mana yadda ake cin gashin kai da dukiyar da ba ta mutum ba.

Waɗannan ma su ne suka bi mazansu. Waɗanda aka bari a Melbourne da Geelong sun shiga wani hali da duk wanda ya san gidan ɗan ci-rani zai gane, sai dai wannan ci-ranin babu damina da za ta dawo da shi. Miji ya tafi Ballarat, daga can ya ji an samu a wani wuri ya wuce, wasiƙa ta ɗauke, matar ba ta san ko yana raye ba, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, kuma babu dangi kusa domin dangin suna can bayan tafiyar wata uku a teku. A Melbourne, kudancin kogin Yarra, an yi wani gari na tantuna zalla, inda gwamnati ke karɓar sule biyar a mako kan kowane tanti, dubban sababbin zuwa suka cunkushe a cikinsa babu tsaftataccen ruwa, zazzaɓi da atini suna ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Caroline Chisholm, wadda ta daɗe tana hidimar baƙin haure, ta zaga filayen a 1854 ta matsa wa gwamnati har aka gina rumfunan kwana a kan hanyar Castlemaine domin iyalai su iya bin mazansu cikin rahusa, kuma wannan taimako ne na gaske. Amma babbar amsar da hukuma ta bayar ga matsalar matan da aka yasar ita ce dokar 1864 a kan yaran da ba su da mai kula, wadda ta ba kotu ikon tura su makarantun horo na gwamnati. Uwar da talauci ya ci ƙarfinta, abin da aka tanadar mata shi ne wurin da za a kai 'ya'yanta.

A wajen Castlemaine akwai wata maƙabarta a kan tudun duwatsu da ake kira Pennyweight Flat. An zaɓi wurin ne saboda zinariyar da ke cikinsa ba ta taka kara ta karya ba, babu mai sha'awar tona shi, ƙasar kuma tauri gare ta har kaburburan ba su yi zurfi ba, sai tara duwatsu aka yi a kansu. Tsakanin 1852 da 1857 an binne kimanin mutum 200 a wurin, akasarinsu yara ƙanana. Rafin da ake wanke ƙasa a cikinsa shi ne ake sha, bayan dubban mutane da dabbobi sun gurɓata shi, kuma da zafi ya shigo sai gudawa da taifot su bi tanti tanti. Kowane ɗaya daga cikin tarin duwatsun nan akwai matar da ta yi jinya a ƙasan tanti, ta yi wanka da sutura, sannan washegari ta koma bakin murhu domin mahaƙa ba sa daina cin abinci. Ban iya karanta labarin wurin nan ba tare da tuna Dareta da 'Yargalma da Bagega a Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 bayan an riƙa kai duwatsun zinariya cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Zamani daban, cuta daban, amma a duka biyun sana'ar ta shigo har inda ake renon yara, kuma babu wanda ya sa wannan a lissafin riba.

Masu kirarin sukan kafa hujja da boren Eureka, wanda mahaƙa suka yi a Ballarat, kuma nan suna da abin faɗa. Da asubahin Lahadi, 3 ga Disamban 1854, sojoji da 'yan sanda suka far wa shingen da mahaƙan Ballarat suka kafa don bijire wa lasisi, aka kashe aƙalla mahaƙa 22 da sojoji kaɗan cikin ƙasa da rabin sa'a. Mata suna tsakiyar lamarin tun kafin ranar. Ellen Young tana rubuta waƙoƙi da wasiƙu a jaridu tana caccakar gwamna, Sarah Hanmer ta mayar da gidan wasan kwaikwayonta wurin tara wa mahaƙa gudummawa, kuma da aka kama Henry Seekamp na jaridar Ballarat Times bisa zargin tunzura jama'a, Clara Seekamp ce ta riƙe jaridar ta ci gaba da sukar hukuma. Wani matashi mai suna Charles Evans ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa ya ga akwatin gawar wata mata da aka kashe tana roƙon a bar mijinta, amma sunanta bai shiga jerin mamatan da aka yi ta karantawa shekara da shekaru ba. To, da aka zo rabon abin da jinin ya sayo fa? A 1855 aka soke lasisin aka maye gurbinsa da takardar fam ɗaya a shekara, a 1857 aka bai wa maza baligai ƙuri'ar majalisar dokoki ba tare da sharaɗin dukiya ba. Peter Lalor, jagoran boren, ya shiga majalisa har daga baya ya zama kakakinta. Matan da suka yi jinyar raunuka suka koma tantunansu.

Sai mantuwa ta sake aukuwa. Dokar zaɓe ta 1863 ta ce duk wanda sunansa ke cikin rajistar masu biyan harajin gari zai zaɓi 'yan majalisar dokoki, aka manta cewa akwai mata masu gidaje da shaguna a cikin rajistar. A zaɓen 1864 wasu daga cikinsu suka fito suka jefa ƙuri'a, a 1865 majalisar ta gyara dokar ta fitar da su, tana mai cewa ba haka aka nufa ba. Daga nan sai da aka yi shekara 43, da koken da mata kusan 30,000 suka sa wa hannu a 1891, da ƙudurori da dama da majalisar dattawan yankin ta yi ta watsi da su, kafin matan Biktoriya su samu ƙuri'a a 1908, su ne na ƙarshe a jihohin Ostiraliya. Yankin da ya fi kowanne zinariya shi ya fi kowanne jan ƙafa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a yi shakkar cewa zinariyar ce ta kawo 'yancin.

Ba na musun cewa wasu sun ci riba. Inda maza suka kusa ninka mata, 'yar aikin gida da ta zo daga Ailan ko Sikotilan da taimakon kuɗin jirgi na gwamnati tana iya ƙin albashin da ba ta so, tana iya barin uwargijiyar da ta wulaƙanta ta, tana kuma da zaɓin miji fiye da yadda za ta samu a ƙauyensu. Melbourne ta ga bukukuwan auren mahaƙan da suka dace, amarya cikin alharini a keken doki ana zaga gari. Amma wannan darajar ƙaranci ce, irin wadda ruwa ke yi a lokacin fari, kuma ƙarancin da ya ɗaga albashinta shi ne ya sa fita bayan magariba a filin da ke cike da maza da giya da bindigogi ta zama kasada.

Sannan duk wannan muhawara a kan Turawa take. Ƙidayar 1857 ta samu 'yan ƙasar Sin sama da 25,000 a Biktoriya, mata uku ne kacal a cikinsu. Matan sauran suna ƙauyukan lardin Guangdong, suna noma, suna hidimar surukai, suna jiran saƙon kuɗi daga mazan da harajin fam 10 da aka ɗora wa kowane Basine a 1855 ya sa da yawansu suka sauka a Robe, a Kudancin Ostiraliya, suka taka ɗaruruwan kilomita da ƙafa. Su ma matan zamanin zinariya ne, ko da yake ba su taɓa ganin Ballarat ba.

Ƙasar da ake tonawa kuwa tana da masu ita, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Ballarat ta mutanen Wadawurrung ce, Bendigo da Castlemaine na Dja Dja Wurrung. Kafin zinariya, tumakin Turawa da suka mamaye yankin tun 1835 sun riga sun cinye tare da tattake wani ɗan tushe mai kama da rizga da ake kira murnong, wanda mata ke tonowa da sanda, shi ne kuma ginshiƙin abincin gida. Da mahaƙa suka zo sai suka sare itatuwa, suka karkatar da rafuka, suka birkice ƙasar har jikokin Dja Dja Wurrung suna kiranta ƙasar da aka kife. Matan sun nemi abin yi a cikin sabon yanayin, suna ɗinka barguna na fatun wata 'yar dabbar bishiya suna sayar wa mahaƙa da ke fama da sanyi, wasunsu ma suna tsintar zinariya, amma suna yin haka ne a tsakiyar dubban baƙin maza, ba tare da wata hukuma da za su kai wa kuka ta saurare su ba. Zuwa 1863 'yan asalin ƙasar da suka rage a duk Biktoriya kimanin 2,000 ne, ana tattara su a matsugunai irin su Coranderrk.

A kansu kam masu rubuta doka ba su yi mantuwa ba. Dokar 1869 ta bai wa wata hukuma ikon yanke inda ɗan asalin ƙasa zai zauna, da irin aikin da zai yi, da yadda za a raba abin da ya samu, da kuma wanda zai riƙe 'ya'yansa ya tarbiyyantar da su. A 1886 aka ƙara wata da ta umarci masu ruwa biyu da ba su kai shekara 35 ba su fice daga matsugunan, iyayensu mata da kakanninsu suna ciki.